Mahaukaciyar Guguwa a Garin Moore na Jihar Oklahoma

Moore gari ne da ke tsakiyar jihar Oklahoma a Amurka, tsakanin birnin Oklahoma daga arewa da garin Norman daga kudu. Ya yi suna ne saboda yawan afkawar mahaukaciyar guguwa mai juyawa, wadda Turawa ke kira tonado. Wannan guguwa ta bambanta da 'yar guguwar rani da ke tashi daga ƙasa da tsakar rana ta kwashe kara da ƙura, domin ita daga gindin hadari take saukowa, tana juyi kamar mazurari, har ta taɓa ƙasa.

Yankin yana kan faffaɗan filin da iska mai ɗumi da laima daga Mashigin Tekun Meziko ke haɗuwa da busasshiyar iska daga yamma, musamman daga Afrilu zuwa Yuni. Idan iskar sama ta bambanta da ta ƙasa wajen ƙarfi da alkibla, hadarin kan fara juyawa, kuma daga irin wannan hadari ne ake samun guguwar da ta fi ɓarna. A sansanin sojan sama na Tinker, wanda ba shi da nisa da Moore, aka yi hasashen guguwa na farko da ya tabbata, a ranar 25 ga Maris, 1948.

Ranar 3 ga Mayu, 1999, guguwa mai mataki na biyar, wato mafi girma a ma'aunin Fujita da ake auna ƙarfin guguwa da shi, ta ratsa Bridge Creek da Moore ta hallaka mutum 36. Na'urar rada da aka girka a kan mota ta auna iskarta da gudun fiye da kilomita 480 a awa ɗaya. Wasu daga cikin waɗanda suka rasu sun fake ne a ƙarƙashin gadojin babbar hanya, bisa zaton da aka daɗe ana yi cewa nan ne mafaka, alhali iska kan ƙara ƙarfi a irin wannan matsi. Wata guguwar mai mataki na huɗu ta sake bi ta garin ranar 8 ga Mayu, 2003.

Wadda ta fi tsaya wa mutanen garin a rai ita ce ta ranar 20 ga Mayu, 2013. Ta shafe kusan minti 40 a ƙasa, ta kashe mutum 24, ta kuma jawo asarar kimanin dala biliyan 2. Ofishin hasashen yanayi da ke Norman ya fitar da gargaɗi minti 16 kafin ta sauko, wanda a wannan fanni ba ƙaramin lokaci ba ne, amma gargaɗi ba ya amfanar wanda bai da wurin gudu. Yara bakwai sun rasu a makarantar firamare ta Plaza Towers, wadda ba ta da ɗakin fakewa na musamman, sai lungunan da malamai suka tara ɗalibai a ciki. Gidaje da yawa ma ba su da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, saboda ƙasar yankin yumɓu ce kuma al'adar gini a can ita ce a ɗora gida a kan daɓen kankare.

A 2014 hukumar garin ta tsaurara dokar gini, ta wajabta wa sababbin gidaje jure iska mai gudun mil 135 a awa maimakon mil 90, tare da ɗaure rufi da bango da ƙarfe da ƙarfafa ƙofar garejin mota, wadda sau da yawa ta nan iska ke fara shiga ta ɗage rufin. Makarantun da aka sake ginawa an yi musu ɗakunan fakewa. Sai dai dokar ta shafi sabon gini ne kawai, kuma ba a tsara ta don jure guguwa mai mataki na biyar ba.

Game da nan gaba, masana ba su ga wata siffa ta ƙasa da ke jawo guguwa zuwa Moore fiye da maƙwabtanta ba. Maimaituwar ta fi kama da katari a cikin yanki mai haɗari dama. Abin da ya sauya a fili shi ne garin kansa, wanda a 1960 mazaunansa ba su kai 2,000 ba, amma a ƙidayar 2020 suka haura 62,000, don haka hanyar da a da guguwa za ta bi ta gonaki yanzu unguwanni ne. Binciken da Vittorio Gensini da Harold Brooks suka wallafa a 2018 ya nuna cewa yawan guguwar na ƙaruwa a jihohin gabas kamar Mississippi, Tennessee da Alabama, inda take yawan zuwa da dare kuma jama'a da yawa ke zaune a gidajen tafi-da-gidanka, yayin da ya ɗan ragu a wasu sassan Texas da Oklahoma.