Ulakan (ƙauyen Minangkabau a gaɓar teku)

Ulakan ƙauye ne a bakin Tekun Indiya, a yammacin tsibirin Sumatara na ƙasar Indonesiya, cikin gundumar Padang Pariaman, tsakanin birnin Padang da garin Pariaman. Mutanen wurin 'yan kabilar Minangkabau ne, Musulmi 'yan mazhabar Shafi'iyya, kuma ta wajen uwa suke lissafa dangi, ta nan ne ma gida da gona ke sauka daga kaka zuwa jika. An fi sanin ƙauyen da hubbaren Shehu Burhanuddin.

Tarihi

Su Minangkabau ƙasarsu kashi biyu suke kallonta, akwai tudu da suke kira darek, can ne asalin al'ada da tsofaffin garuruwa, sai kuma gaɓar teku inda mutane suka gangaro daga baya suka zauna. Ulakan na wannan gaɓar ne. A ƙarni na 16 da na 17 masarautar Aceh ta arewacin Sumatara ce ke riƙe da tashoshin ruwan yankin kamar Pariaman da Tiku saboda cinikin masoro da zinari, kafin kamfanin Turawan Holan ya fara ture su bayan yarjejeniyar Painan ta 1663.

Ta hanyar Aceh ɗin nan karatu ya shigo. Shehu Burhanuddin, wanda aka ce sunansa na yarinta Pono, an haife shi wajejen 1646, ya je Aceh ya zauna shekaru a gaban Shehu Abdurra'uf na Singkil, ya karɓi ɗarikar Shaɗɗariyya a hannunsa, sannan ya dawo ya kafa surau a Tanjung Medan kusa da Ulakan. Surau ɗaki ne na sallah da karatu, kuma tun da can a nan samari ke kwana tunda yaro in ya tasa ba shi da ɗaki a gidan uwarsa, toh shi Shehun sai ya mayar da wannan ɗakin kwanan ya zama makaranta, almajirai na zuwa daga tudu su yi karatu su koma garuruwansu su buɗe nasu. Daga nan ne maganar da Minangkabau ke yi cewa shari'a hawa take daga gaɓar teku zuwa tudu, al'ada kuma gangarowa take daga tudu. Shekarar rasuwarsa akwai saɓani, wasu na sa ta a farkon shekarun 1690, wasu 1704. Musulunci ya riga shi zuwa yankin, abin da ya yi shi ne dasa karatu.

Duk shekara a watan Safar ake ziyarar da suke kira Basapa, ranar Laraba bayan goma ga wata, dubban mutane su cika hubbaren da zikiri da addu'a, bayan mako guda a sake yin ƙarama. Masu ra'ayin gyara sun daɗe suna sukar ta, 'yan ɗarika ba su fasa ba. Mabiya Shaɗɗariyya kuma sukan taru a bakin ruwa su duba watan azumi da idonsu, shi ya sa sau da yawa sukan fara azumi bayan sanarwar gwamnati da kwana ɗaya ko biyu.

Dukiya da gado

Nan ne abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai. Dukiya iri biyu ce. Akwai pusako tinggi, wato gonar shinkafa, lambun kwakwa, filin gida da maƙabartar da aka gada tun kakanni, wannan ba ta mutum ɗaya ba ce, ta zuri'a ce gaba ɗaya, mata ke zaune a kai suna ci, kawu ɗan'uwan uwa wanda suke kira mamak shi ke lura da ita amma ba zai gadar wa 'ya'yansa ko taku ɗaya ba, 'ya'yan 'yar'uwarsa ne za su ci gaba da ita. Ba a sayar da ita. Jingina ma sai dangi sun yarda kuma sai ɗaya cikin huɗu ta faru: gawa na kwance a tsakar gida ba abin yi mata sutura, budurwa ta girma ba a aurar ba, babban gida na yoyo, ko za a farfaɗo da sarautar zuri'a da ta daɗe a kwance.

Ta biyu ita ce abin da mutum ya nema da guminsa. A kan ta aka fi kai ruwa rana, don a da har ita ma 'ya'yan 'yar'uwa kan kwashe su bar 'ya'yan mamaci hannu rabbana. Shehu Ahmad Khatib, ɗan Minangkabau da ya yi limanci da karantarwa a Masallacin Harami na Makka, ya rasu 1916, ya ce gadon al'adar nan haramun ne kai tsaye. Ɗalibinsa Haji Abdul Karim Amrullah ya ga dukiyar kakanni ta fi kama da waƙafi, don haka ba ta shiga rabon gado. Tarurrukan malamai da shugabannin al'ada a Bukittinggi a 1952 da Padang a 1968 suka tsaya kan cewa ta kakanni ta bi al'ada, ta gumi a raba yadda shari'a ta ce. A gaskiya wannan maslahar ta yi wa marayu adalci kuma ta bar wa mata rufin asiri, macen da aka saka ko mijinta ya rasu tana nan a gidanta da gonarta, ba inda za ta. Rikici dai bai ƙare ba, musamman in aka gina shago da kuɗin miji a kan filin dangin mata, ko gwamnati ta zo biyan diyyar hanya.

Aure

Miji ne ke tarewa a gidan matar, kuma matsayinsa a can na baƙo ne mai daraja, su da kansu suna kwatanta shi da toka a kan kututture, iska ta taso ta tafi da ita. Yankin Pariaman na da abin da sauran Minangkabau ba su cika yi ba, dangin amarya ne ke kai wa na ango kuɗin ɗauko shi, yawan kuɗin ya danganta da ilimi da aikinsa. Wannan daban yake da sadaki, sadaki ango ne ke biya. Laƙabi irin su Sidi, Sutan da Bagindo kuma daga uba ake gadonsu.

Sana'a

Kamun kifi, noman shinkafa da kwakwa. Akwai jan taru daga bakin gaɓa, kwale-kwale ya zagaya da shi cikin ruwa, maza su jeru a igiya biyu suna ja da baya a hankali har kifin ya fito kan yashi a raba. Mata na soya sala lauak, ƙwallon garin shinkafa da kifi da kurkum, wanda ko'ina a kewayen hubbaren za a gan shi a tire. Da yawan samari ci-rani suke tafiya Jakarta, Pekanbaru, Medan har Malesiya, su yi tireda ko gidan abinci, kuɗin da suke turowa shi ke gina gidajen bulo da gyara masallatai, lokacin ƙaramar sallah su dawo a ayarin motoci.

Zirga-zirga

Filin jirgin saman Minangkabau da aka buɗe a 2005 yana Ketaping, kusa sosai. Akwai jirgin ƙasa tsakanin Padang da Pariaman, cikin ƙauyuka kuma babur ne, na kai ko na haya. Girgizar ƙasar 30 ga Satumba 2009 mai ƙarfin 7.6 ta kashe sama da mutum 1,100 a lardin Sumatara ta Yamma, gundumar Padang Pariaman na cikin inda ta fi rusa gidaje, kuma yankin na cikin wuraren da ake fargabar ambaliyar tsunami.