Daga Ƙarar Jirgin Ƙasa Zuwa Kiran Kwandasta: Waiwaye Kan Kiɗan Na'ura

Yau kowane yaron situdiyo ya iya ɗauko bugun ganga ɗaya ya maimaita shi har ƙarshen waƙa, ko ya ja murya ta yi kauri, ko ya juya ta baibai. Abin ya zama ruwan dare har ba a tambayar asalinsa. Asalin kuwa wani bincike ne da aka fara wajen shekara tamanin da suka wuce, galibi a gidajen rediyon gwamnati, kuma da yawa daga masu yin sa ba makaɗa ba ne, injiniyoyi ne da masana kimiyyar sauti. Tambayar da ta dame su ita ce: idan an naɗi sauti, aka raba shi da abin da ya yi shi, me ya rage a hannu?

Yawancin masu ba da tarihin nan daga Faris suke farawa, amma Alƙahira ta riga ta. A 1944 wani matashi ɗan Masar, Halim El-Dabh, wanda aikin gona ya karanta, ya aro na'urar naɗar sauti mai amfani da waya daga wani gidan rediyo, ya je ya naɗi taron zar. Zar kuwa, ga wanda bai sani ba, ɗan'uwan bori ne: mata, ganguna, waƙoƙi da hawan iska don neman lafiya. Ya koma situdiyo ya dinga tace muryoyin yana ƙara musu amsa-kuwwa har kalmomin suka narke, sai wani amo mai tashi da sauka. An saurari aikin a wani zauren baje kolin zane a Alƙahira, daga nan shiru. Babu cibiyar da ta ɗauki abin ta raine shi, shi kansa ya tafi Amurka a 1950, kuma sai a ƙarshen rayuwarsa aka dawo ana ba shi haƙƙinsa. Ya rasu a 2017.

Pierre Schaeffer, injiniyan rediyo ɗan Faransa, ya samu abin da El-Dabh ya rasa, wato gidan rediyon ƙasa mai kuɗi da kayan aiki. A 1948 ya je tashar jirgin ƙasa ta Batignolles a Faris ya naɗi huci da busa da ƙarar ƙafafun jirage, ya harhaɗa su, aka watsa a rediyo a watan Oktoba na shekarar. Lokacin a kan faifan garmaho yake aiki. Abu biyu ya gano waɗanda har gobe ana cin moriyarsu. Na farko, idan aka rufe layin faifai ya zama zobe, allura za ta yi ta zagaye tana maimaita guntun sauti ɗaya, kuma bayan ɗan lokaci kunne ya daina jin jirgi, sai ya fara jin kiɗa. Na biyu, idan aka yanke farkon bugun ƙararrawa aka bar jelar amon, mai sauraro ba zai gane ƙararrawa ce ba, zai zaci abin busa ne.

Da tef ya zo, aikin ya koma na hannu sosai. A gudun da aka saba da shi a situdiyo, daƙiƙa ɗaya ta sauti santimita 38 ce ta tef. Mai aiki zai sa alama da fensir, ya yanke da reza, ya liƙa da salatif; yankan a karkace yana sa sauti ya shigo a hankali, yankan a miƙe yana sa ya faɗo kwatsam. Idan ya ninka gudun tef, murya ta sirance kuma ta gajarce da rabi. Minti ɗaya na aiki yakan ci makonni. Daga wannan wahala Schaeffer ya fitar da aƙidarsa: a manta da inda sauti ya fito, a saurari siffarsa kawai, kaurinsa, kaushinsa, yadda yake farawa da yadda yake mutuwa. Ƙungiyar binciken da ya kafa, GRM, wadda ta ɗauki wannan suna a 1958, tana nan har yau.

Jamusawa sun bi wata hanya. Situdiyon da aka buɗe a gidan rediyon birnin Kolon a 1951 ya ce babu ruwansa da makirufo, za a ƙera sauti ne daga tushe da na'urorin lantarki, bisa lissafi. An yi ta ja-in-ja tsakanin ɓangarorin biyu kamar abin ba zai ƙare ba, sai ga mai tsara kiɗa Karlheinz Stockhausen a 1956 ya gauraya muryar yaro da sautin na'ura a aiki ɗaya, ya rarraba shi ga lasifikoki kewaye da masu sauraro. Gardamar ta mutu murus. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne lasifikokin: wuri ya shiga cikin kiɗa. Bayan shekara biyu, a bikin baje kolin duniya na Brussels, kamfanin Philips ya gina rumfa mai ɗaruruwan lasifikoki a jikin bango, sautin da mai tsara kiɗa Edgard Varèse ya haɗa yana yawo a kan mutane suna shiga suna fita. Ba dandali, ba makaɗi, ba kujera. Duk abin da ake kira fasahar sauti a gidajen baje koli na yau, a ganina, jikan wannan rumfa ne.

Ɓangaren kwamfuta labarinsa a bayyane yake. Max Mathews ya sa kwamfuta ta fitar da sauti a 1957 a Bell Labs, wata cibiyar bincike a Amurka. John Chowning na jami'ar Stanford ya gano wata dabarar ƙera sauti a 1967, Yamaha ta sayi lasisinta, ta fito da DX7, na'urar kiɗa mai kama da fiyano, a 1983, kuma sautinsa ya cika waƙoƙin shekarun 1980. A cibiyar IRCAM ta Faris Miller Puckette ya rubuta manhajar sarrafa sauti mai suna Max, daga baya ya fitar da irinta, Pure Data, kyauta. Abin da a da sai gidan rediyon ƙasa ke iya mallaka ya dawo cikin jakar ɗalibi.

Sai dai magadan sun karɓi kayan aikin Schaeffer, sun yi watsi da wasiyyarsa. Tawayen ma daga cikin gida ya fara. Luc Ferrari, abokin aikinsa a GRM, ya kafa makirufo a wani ƙauyen masunta a gaɓar tekun tsohuwar Yugoslabiya, ya naɗi wayewar gari: injin jirgin ruwa, kaji, muryoyin mutane, gyare. Ya taƙaita shi zuwa kimanin minti 21 ya fitar a 1970, bai ɓoye asalin ko sauti ɗaya ba. A Kanada R. Murray Schafer da ɗalibansa suka shiga naɗar sautin birane da ƙauyuka don nazarin yadda hayaniyar injuna ke cinye sauran. A New York Max Neuhaus ya ɓoye na'ura ƙarƙashin ragar ƙarfen shan iska da ke kan titi a dandalin Times Square a 1977, tana fitar da gunji mai zurfi dare da rana, babu allo babu suna. Mafi yawan masu wucewa ba su ma san aikin wani ne suke takawa ba.

Ba duk abin da aka haifa daga nan ne ya cancanci yabo ba. Akwai ayyuka birjik da ba su wuce gunjin lasifika a ɗaki mai duhu ba, da doguwar takardar bayani a bakin ƙofa wadda ta fi aikin kansa nauyi. Waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu su ne masu abin faɗa game da wani wuri takamaimai. Susan Philipsz ta ci kyautar Turner ta masu fasaha a Birtaniya a 2010 da muryarta kaɗai, wadda aka fara sakawa ƙarƙashin gadojin Glasgow. Shi ne karon farko da aikin sauti ya ci kyautar. Emeka Ogboh, ɗan Najeriya, ya yi shekaru yana naɗar Legas, kiran kwandastocin danfo da hon da janareto da masu talla, sannan ya saki sautin a titunan biranen Turai. Ɗan Legas da ya je neman abinci a can, idan ya ji ana kiran Oshodi a tsakiyar sanyi, babu mai ce masa ya saurari siffar sauti kawai.

Wanda ya kai abin maƙura shi ne Lawrence Abu Hamdan, mai fasaha kuma mai binciken sauti. A 2016 ya yi aiki da Amnesty International da ƙungiyar Forensic Architecture, mai bincikar take haƙƙin ɗan Adam ta hanyar nazarin gine-gine, kan kurkukun Saydnaya na Siriya, inda ake tsare mutane cikin duhu, an kuma hana su magana. Tsoffin fursunonin ba su ga ginin ba, amma sun ji shi: takun masu gadi, buɗewar ƙofofi, amon duka ta cikin bango da bututun ruwa. Ya zauna da su yana kunna musu sautuka da amsa-kuwwa iri-iri, suna cewa wannan ya yi kusa, wancan ya yi faɗi da yawa, har aka iya zana fasalin ɗakuna da barandoji na kurkukun da ba a bar wani mai bincike daga waje ya shiga ba. Irin sauraron ƙwaƙwaf ɗin da aka koya a situdiyon Faris ne, amma a nan duk manufarsa gano wanda ya yi sautin, da inda ya tsaya, da abin da ya buga. Rahoton wannan bincike ya fito shekara takwas kafin a buɗe ƙofofin Saydnaya a Disambar 2024.