Cire ƙarin jijiyar kunne ba ya dawo da ji

Mutane da dama suna shiga ɗakin tiyata da tsammanin da zarar an cire ƙarin, kunnen da ya toshe zai buɗe. Ba haka abin yake ba, kuma gara mara lafiya ya sani tun kafin ranar.

Wannan ƙari ba ciwon daji ba ne. Yana tsirowa a hankali a kan jijiyar da ke daidaita tsayuwa, sai ya danne ta ji da ke gefenta. Jin da ya tafi, da wuya ya dawo. Burin likita shi ne ya hana ƙarin matse ƙwaƙwalwa, ya kuma kare jijiyar motsa fuska. Idan aka bi ta cikin ƙashin kunne, ragowar jin ɓangaren ma zai tafi. Idan ƙarin ƙarami ne, akwai hanyoyin tiyata da kan iya ceto ragowar jin. Don Allah a tambayi likita wacce zai bi.

Bayan tiyata jiri kan yi tsanani, har mutum ya riƙa dafa bango. Tafiya kaɗan-kaɗan ce ke koya wa ƙwaƙwalwa dogaro da ɗaya kunnen. In ruwa garai-garai ya ɗigo daga hanci, a koma asibiti nan take.