Waiwaye: Yadda masu nazari suka yi da waƙoƙin Oodgeroo

A 1964 kamfanin ɗab'i na Jacaranda da ke Brisbane ya fitar da diwanin Kath Walker, wadda daga baya aka fi sani da Oodgeroo, mai suna We Are Going. Ita ce mace ta farko cikin Aborijin, 'yan asalin Ostareliya, da ta wallafa littafin waƙoƙi. Littafin ya yi kasuwa, aka yi ta sake buga shi, amma masu sharhin adabi da dama suka taɓe baki, wai farfaganda ce aka ƙawata da amsa-amo. Wannan hukunci yana ba ni takaici. Mu da muka tashi muna jin waƙoƙin wa'azi da na siyasa mun san faɗakarwa ba ta rage wa waƙa daraja.

Wadda ta duba rubutun tun kafin a buga, ta kuma ba kamfanin shawarar ya karɓa, ita ce Judith Wright, fitacciyar marubuciyar waƙa. An haife ta a 1915 cikin zuriyar Turawa masu manyan filayen kiwo a New South Wales, arzikin da aka gina a kan ƙasar da aka ƙwace wa Aborijin. Daga nan aminci ya ƙullu tsakanin matan biyu har kusan shekara 30, kuma Wright ba ta ɓoye nauyin da take ji ba. A waƙar da ta yi wa aminiyarta a 1973 ta kira ta 'yar'uwa, ta kuma amsa da bakinta cewa ita tsatson 'yan mamaya ce. A 1981 ta fitar da littafi a kan yadda mamayar filaye ta tarwatsa Aborijin a Queensland, inda kakanninta suka yi kiwo.

Walker ba ta taɓa raba waƙa da gwagwarmaya ba. Tana cikin jagororin gangamin ƙuri'ar raba-gardama ta 1967, inda fiye da kashi 90 cikin 100 suka amince a riƙa saka Aborijin cikin ƙidayar jama'ar ƙasa. A 1987 ta mayar da lambar girmamawa ta MBE, wadda Birtaniya ke bayarwa, don nuna adawa da bikin cika shekara 200 da zuwan Turawa, ta kuma koma amsa sunan Oodgeroo Noonuccal, wanda ke ɗauke da sunan ƙabilarta.

Sannu a hankali masu nazari suka fara auna baitocinta da ma'aunin adabin baka, a matsayin waƙoƙin da aka tsara domin a rera a gaban taro. Ta rasu a 1993, Wright ta bi ta a 2000.