Ina Ake Danna Murya a Aikatau na Italiyanci?

Yaya ake raba aikatau gaɓa-gaɓa?

Kamar a Hausa, kowace gaɓa wasali ne ginshiƙinta. Baƙin da ke tsakanin wasula biyu yana bin na gaba: a-ma-re, wato so. Baƙi mai ninki kuwa raba shi ake yi, yadda muke raba bab-ba da han-nu: leg-ge-re, met-te-re. Idan l, m, n ko r suka ci karo da wani baƙi daban, su ne ke rufe gaɓar: par-la-re, sen-ti-re. Amma s ba ta haka. A ƙa'idar rubutu, ita da baƙin da ke bayanta gaba suke tafiya tare: re-sta-re, ko da kunne zai ji kamar res-ta-re ake cewa.

To, a wace gaɓa ake danna murya?

Danna murya shi ne furta gaɓa ɗaya da ƙarfi fiye da sauran, kuma a nan ita ce aka rubuta da manyan haruffa. Galibi a ta biyu daga ƙarshe ne: par-LA-re, dor-MI-re. Inda ake rikicewa shi ne aikatau masu ƙarewa da -ere, don gida biyu ne. Akwai ve-DE-re, gani, da a-VE-re, mallaka. Ga kuma PREN-de-re, ɗauka, da SCRI-ve-re, rubutawa. Gado ne daga Latin, inda wasalin e ɗin wasu dogo ne, na wasu gajere. A rubutu duk kamarsu ɗaya, sai dai mai koyo ya haddace kowanne da sautinsa.

Wurin dannawar yana motsi idan mai aikin ya canza?

Ƙwarai. PAR-lo, ina magana. Par-LIA-mo, muna magana. Par-LA-te, kuna magana. Tarkon yana wajen "su". Mai koyo zai so ya ce par-LA-no, alhali PAR-la-no ne, domin jam'in na riƙe da wurin da tilonsa PAR-la ya danna. Shi ya sa ake samun dannawa har a gaɓa ta huɗu daga ƙarshe: A-bi-ta-no, suna zaune, te-LE-fo-na-no, suna buga waya.

Motsin nan har siffar kalma yake taɓawa. Ana cewa E-sco, ina fita, amma u-SCIA-mo, muna fita. SIE-do, ina zama, amma se-DIA-mo. A irin waɗannan aikatau, da dannawar ta bar tushen kalmar, sai wasalinsa ya sake.

Kuskure a nan yana ɓata ma'ana ne, ko daɗin ji kawai?

Yana ɓatawa. Dubi ukun nan: ca-PI-to, an fahimta, CA-pi-to, nakan faɗo wuri ba zato, ca-pi-TÒ, ya faru. Bahaushen da ya san bambancin kukan yaro da kukar miya ba zai yi mamaki ba, ko da yake namu karin sauti ne da tsawon wasali, nasu ƙarfin murya.

Me ya sa na ukun kaɗai ke da alama a kansa?

Saboda ba a wajabta alamar ba sai in dannawar ta faɗa gaɓar ƙarshe: parlò, ya yi magana, parlerà, zai yi magana. Sai 'yan gajerun kalmomi da ake gudun su rikice, irin su è, "ne", da e, "da". Na tsakiyar kalma, ƙamus ne ke nuna shi.