Mene ne Launi a Ilimin Haske?

Idan aka tambayi mutum me ya sa ganye yake kore, galibi zai ce haka yake, kamar dai an shafa masa fenti tun asali. A ilimin kimiyya kuwa, launi ba ya samuwa sai abu uku sun haɗu: hasken da ya sauko, abin da ya sauka a kansa, da idon da ya karɓi abin da ya dawo. Ɗaya daga cikinsu ya sauya, launin ma ya sauya.

A fara da hasken. Duk mai kama rediyo ya san gajeren zango, mita 19, mita 25, mita 31. Waɗannan mitocin awon igiyar da ke ɗauko muryar ne, wato nisan da ke tsakanin ƙololuwar igiya ɗaya da mai bi mata. To, haske ma ɗan gidan ne. Igiya ce ta lantarki da maganaɗisu, kuma gudunsu ɗaya a sarari, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Inda suka rabu shi ne tsawon zangon. Na haske ƙanƙane ne ainun, da nanomita ake auna shi, kuma sai an tara nanomita biliyan ɗaya kafin a sami mita guda. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ya faɗa tsakanin nanomita 400 da 700 ko kusa da haka. Can sama wajen 700 muna ganin ja, a sauko kaɗan ruwan lemo, sai rawaya wajen 580, kore wajen 530, shuɗi wajen 470, shunayya a ƙarshe. Abin da ya wuce ja ko ya gaza shunayya yana nan daram, idonmu ne bai kai ba. A 1800 masanin taurari William Herschel ya raba hasken rana zuwa launukansa, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da jan haske, inda ba a ganin komai, sai ya ga ma'aunin ya hau.

Ina fari a wannan jeri? Babu shi. Isaac Newton ne ya warware wannan a Ingila wajen 1666. Ya rufe ɗaki, ya bar 'yar ƙaramar kafa a taga, ya tare siririn hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, sai launuka suka baje a bango. Wannan kam an sha gani kafin shi, kuma abin da aka ɗauka shi ne gilashin ke rina hasken. Dabararsa tana mataki na biyu. Ya ware launi ɗaya kaɗai daga cikin jerin, ya bi da shi ta gilashi na biyu. Da gilashi ne marini, da ya sake rina shi. Sai ja ya fito ja, shuɗi ya fito shuɗi. Da ya tattara launukan duka wuri ɗaya kuma, fari ya dawo. Ashe farin haske gauraye ne, gilashin raba shi kawai yake yi, domin haske yana rage gudu a cikinsa ya karkata, kuma gajeren zango ya fi dogo karkata. Ɗigon ruwan sama ma aikin da yake yi ke nan idan bakan gizo ya fito, shi ya sa kullum rana take bayan mai kallo, bakan yana gabansa.

Bayanin abin da haske ya sauka a kansa ba shi da tsawo. Kowane abu yana shanye wasu zanguna ya mayar da saura. Sinadarin da ke cikin ganye yana shanye ja da shuɗi don haɗa abincin shuka, ya bar kore ya dawo mana. Baƙin abu yana shanye kusan duka, shi ya sa ya fi saurin ɗaukar zafi a rana. Shuɗin sama kuwa wata hanya ce daban: ƙwayoyin iska suna warwatsa shuɗi fiye da ja kusan sau biyar. Da almuru hasken yakan ratsa iska mai yawa kafin ya iso, shuɗin ya zube a hanya, ja ya rage.

A ganina inda zancen ya fi daɗi shi ne cikin ido. Tun ƙarni na 11 masanin ilimin haske Ibn al-Haytham ya kafa hujja cewa gani yana faruwa ne idan haske ya shiga ido, ba wani abu ne ke fita daga idon ba. A 1802 masanin kimiyya ɗan Ingila Thomas Young ya kawo ra'ayin cewa masu karɓar launi a ido iri uku ne kacal, kuma bincike ya gaskata shi daga baya. Iri ɗaya ya fi jin gajeren zango, ɗaya matsakaici, ɗaya dogo. Ƙwaƙwalwa ba ta auna nanomita. Tana duba ne wanne ya motsa da yawa, wanne kaɗan, ta yanke hukunci.

Wannan ne ya sa ake iya yi mata wayo. Buɗe farin shafi a allon kwamfuta, ka ɗiga ɗan mitsitsin ruwa a kai, ka matso da ido. Ɗigon zai ƙara girman abin da ke ƙasa, ka ga 'yan fitilu ja, kore da shuɗi a jere, babu fari ko ɗaya. Rawayar da kake gani a allo ma haka take: ja da kore ne suka kunnu tare, suka motsa ido daidai yadda hasken nanomita 580 zai motsa shi. Akwai ma launin da ba shi da zangon kansa sam, wato ruwan hoda mai kaushin nan da ke fitowa idan ja da shuɗi suka haɗu. Duba bakan gizo daga farko har ƙarshe, ba za ka same shi ba.

Haka nan idan fitilar ce ta sauya. Tsofaffin fitilun titi masu sinadarin sodiyam kusan zango ɗaya suke fitarwa, nanomita 589. Jar mota a ƙarƙashinsu takan koma wani duhu-duhu mai wuyar suna, saboda fentinta ja yake mayarwa, fitilar kuma ba ta ba shi jan da zai mayar ba.