Waiwaye: Yadda Aikin Soja Ya Daina Jan Hankalin Matasa

A nan Legas aka kafa tubalin rundunar sojan ƙasa ta Najeriya. A 1863 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 'yan Arewa ya ba su bindigogi, aka riƙa kiran su Hausawan Glover. Daga wannan shekarar rundunar take lissafin shekarunta har yau. Daga baya aka buɗe Defo na Zariya a 1924, inda ake horar da kurata, sai kuma makarantar hafsoshi ta Kaduna a 1964.

Yaƙin basasa ne ya fara jefa rundunar cikin matsalar da ba ta gama fita ba. Kafin 1967 sojoji ba su wuce dubu 10 da 'yan kai ba, amma da aka ajiye makamai a 1970 sun kai kusan dubu 250. An ɗebi mutane cikin gaggawa, ba a tanadar musu bariki ba, albashinsu kuma ya cinye kasafin tsaro. Gwamnatocin Murtala da Obasanjo suka shiga rage su. Shekarun mulkin soja ma, lokacin da Barikin Dodan, fadar shugabannin mulkin soja a Legas, ke juya ƙasar, ba su amfani ƙaramin soja ba. Manya sun tafi gidajen gwamnati, kayan aiki suka yi ta ruɓewa. Mutanen Legas sun ga sakamakon da idonsu ranar 27 ga Janairun 2002, da ma'ajiyar makamai ta Barikin Ikeja ta fashe. Sama da mutum dubu suka rasu, yawancinsu a magudanar ruwan Oke-Afa suka nutse wajen gudu.

Da yaƙin Boko Haram ya yi tsanani, ɓarakar ta fito fili. A Mayun 2014 sojoji suka buɗe wuta kan motar kwamandansu a Maiduguri, bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu. Kafin shekarar ta ƙare kotun soja ta yanke wa gomman sojoji hukuncin kisa, wanda daga baya aka mayar ɗaurin shekara 10. Ƙorafinsu shi ne ana tura su fagen daga ba isassun makamai. Shekara guda bayan haka aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kan zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Duk wanda ya jera waɗannan abubuwa biyu ya san inda gizo ke saƙa. A 2020 sojoji 356 suka nemi sallama a lokaci guda.

Kasafin tsaro yana ƙaruwa kusan kowace shekara, amma a naira ake rubuta shi, jirgi da tankar yaƙi kuwa da dala ake sayen su. Tun da aka saki naira a 2023 darajar kuɗin ta zube, albashin kurtu ma haka. Tsofaffin sojoji sun sha yin zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja kan haƙƙoƙinsu. Wasunsu kuma muna ganin su a Ikoyi da Lekki, da furfura a gemu, suna buɗe wa masu gida get. Matashin da ya ga haka ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Shi ya sa gwamnatin Legas ta sha roƙon 'yan asalin jihar su cike gurbinsu idan an buɗe ɗaukar kurata. Abin takaici a nan shi ne, yaron da iyayensa 'yan Arewa ne amma aka haife shi a Agege ko Idi-Araba, wanda yake son khakin da gaske, ba zai shiga wannan gurbin ba. Sai ya nemo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar kakansa, ya haɗa kuɗin mota zuwa Kano ko Katsina don tantancewa, ya yi gogayya da dubban matasa a jihar da wataƙila sau biyu ya taɓa taka ta.